Mita 90 na ƙarshe: inda intanet ɗin ƴan kasuwarmu ke lalacewa

Daga ƙarshen 2024 zuwa ƙarshen 2025, Nijar ta ga manyan abubuwa biyu a fannin sadarwa. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Starlink, wanda ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan'adam a ƙasar a watan Maris na 2025. Sannan a watan Nuwamban 2025 aka yi bikin karɓar kilomita 1,031 na wayar fibir da aka shimfiɗa a ƙarƙashin shirin haɗa ƙasashen yankin Sahara, aikin da ya ci kimanin Yuro miliyan 43 tare da tallafin Bankin Raya Afirka. Jama'a sun sa rai cewa kwanakin jinkirin intanet sun kusa ƙarewa.

Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa layi a gidan tura kuɗi a Maraɗi, ko a kantin magani a Damagaram, ko a teburin karɓar baƙi na wani otal a Tawa, ya san maganar da har yanzu ba ta bar bakin ma'aikata ba: "A yi haƙuri, babu rezo." Mai jira yakan ɗora laifin kan kamfanin sadarwa, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Amma akwai wani kaso na matsalar da ba a cika magana a kansa ba, domin yana ɓoye a saman silin da cikin bango. Shi ne wayar da ke ɗaukar intanet daga ƙofar gini zuwa teburin ma'aikaci. A ƙa'idar sana'ar, tsawonta ba ya wuce mita 90. Wannan ɗan taƙin na mai gini ne shi kaɗai, kuma shi ne ɓangaren da kusan babu mai sa ido a kansa.

Doguwar hanya kafin ƙofar gini

Nijar ba ta da teku, alhali mafi yawan intanet ɗin duniya ta wayoyin ƙarƙashin teku yake tafiya. Abin da ke iso mu sai ya sauka tukuna a garuruwan gaɓa irin su Kwatano, Legas, Lome ko Abijan, sannan ya biyo ta ƙasa. An ga illar wannan dogaro a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a lokaci guda daura da gaɓar Abijan. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar, sun ji a jikinsu.

Amfanin sabuwar wayar fibir shi ne ƙara yawan ƙofofin shigowa. An ja ta ne ta hanyoyi biyar: Arlit zuwa Asamaka kan iyakar Aljeriya, Difa zuwa Gigimi har iyakar Chadi, Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, Yamai zuwa Doso da Gaya kan iyakar Benin, sai Yamai zuwa Makalondi ta wajen Burkina Faso. Idan wata hanya ta yanke, a bi ta wata. Daga nan kamfanonin Niger Telecoms, Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom ke rarraba shi cikin garuruwa, hukumar ARCEP kuma tana duba ingancin aikinsu.

Alhakin kamfanin sadarwa yana ƙarewa ne a akwatin da ya girka wa mai saye. Kamar dai ruwan famfo ne: kamfani ya kawo shi har na'urar ƙidaya da ke ƙofar gida, abin da ya biyo baya kuma na mai gida ne. Idan bututun cikin gida ya fashe ko ya toshe, komai ƙarfin ruwan da ke kan titi, ɗigo-ɗigo za a gani a banɗaki. Mutane sun fahimci wannan a harkar ruwa. A harkar intanet kuwa, da yawa ba su ma san akwai bututun cikin gida ba.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta yanzu

A da, ɗan kasuwa na iya rufe cinikin yini da littafi da biro. Yau lamarin ya sauya. Gidajen tura kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, waɗanda ƴan ci-rani ke aiko wa iyalansu kuɗi ta hannunsu, ba sa iya biyan ko dala ɗaya idan kwamfutar ma'aikaci ba ta haɗu da babbar na'urar kamfani ba. Tun 2021 hukumar haraji ta ƙasa ta matsa wa kamfanoni su riƙa ba da takardar ciniki mai shaidar hukuma a ƙarƙashin tsarin SECeF, wanda ke da nau'in da ake yi kai tsaye ta intanet. Kantunan magani suna lissafin kayansu a kwamfuta, asibitocin kuɗi suna tura sakamakon gwaji daga ɗaki zuwa ɗaki, makarantu masu zaman kansu suna buɗe ɗakunan kwamfuta, kuma saboda halin tsaro, kamarorin sa ido sun zama ruwan dare a shaguna da ɗakunan ajiya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rataye ne a kan waya. Idan ta tsaya na awa ɗaya a ranar kasuwa ko a jajibirin salla, asarar ba ta tsayawa kan mai shago. Tsohuwar da ta hau kabu-kabu daga bayan gari don karɓar abin da ɗanta ya turo daga Libiya ko Abijan za ta koma hannu wofi, ta sake biyan kuɗin hanya gobe.

Wifi ba ya raba mutum da waya

Amsar da aka fi ji daga bakin masu gini ita ce: me za a yi da waya tunda akwai wifi? Wifi dai rediyo ne, kuma kamar kowane rediyo, abin da ya tare shi yana rage masa ƙarfi. Bangon siminti mai rodi a ciki, ƙofofin ƙarfe, rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri duk suna cinye shi. A kan zangon 2.4, wanda yawancin ƙananan na'urori ke amfani da shi, tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna. A layin shaguna ashirin da kowa ya kunna nasa akwatin, sai su yi ta tsoma wa juna baki kamar taron da kowa ke magana a lokaci guda. Zangon 5 ya fi sauri kuma ya fi fili, amma ya fi saurin gajiya idan ya haɗu da bango.

Wifi mai kyau a babban gini yana bukatar akwatuna da yawa, ɗaya a kowane sashe, kuma kowanne sai an kai masa waya. Ƙananan na'urorin da ake soka wa a bango don ƙara nisan wifi ba tare da waya ba sukan rage saurin da kusan rabi, domin da baki ɗaya suke karɓa kuma suke miƙawa. Haka ma Starlink. Faifan da ke kan rufi yana iya kawo intanet mai ƙarfi, amma akwatinsa a ɗaki ɗaya yake zaune. Mai otal mai ɗakuna talatin da ya saye shi bai gama aiki ba, yanzu ya fara. Wasu nau'o'insa ma ba sa zuwa da ramin soka waya, sai an sayi mahaɗi daban.

Abin da ke cikin kwali

Wayar da ake magana a kanta tana da ƙananan silla takwas a ciki, an murɗa su bibbiyu. Murɗin ne ke hana hayaniyar lantarki shiga saƙon. Ana sayar da ita a kwali mai mita 305, kuma an kasa ta aji-aji. Cat5e tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har nisan mita 100. Cat6 tana yin haka cikin sauƙi, tana kuma iya kai gigabit 10 idan nisan bai wuce kimanin mita 55 ba. Cat6A kuwa tana riƙe gigabit 10 har mita 100. Wannan mita 100 ta ƙunshi mita 90 na cikin bango da mita 10 na gajerun wayoyin da ke haɗa kwamfuta da bango a wannan gefe, da na'urar rarrabawa a wancan.

Ƙa'idojin duniya da suka tsara wannan aiki, wato ISO/IEC 11801 da TIA-568, sun yi magana ne a kan jan ƙarfe zalla. Amma kasuwannin duniya, har da namu, cike suke da wata waya da ake kira CCA. Cikinta alminiyom ne, wato dangin sanholon da ake ƙera tukwane da shi, aka shafa masa jan ƙarfe siriri a sama. A ido ba ta da bambanci, kuma sau da yawa an buga "Cat6" ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Ta fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa take tafiya.

Matsalarta uku ce. Alminiyom yana wuce da kimanin kashi 61 cikin 100 ne kawai na lantarkin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke wucewa da shi, don haka saƙo yana raunana kafin ya kai ƙarshen doguwar waya. Yana da saurin karyewa idan aka lanƙwasa shi ko aka ja shi da ƙarfi. Sannan yana yin tsatsa irin tasa a bakin mahaɗi, inda iska ke taɓa shi. Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne ranar farko tana aiki. Mai haɗi ya karɓi kuɗinsa, mai gini ya yi godiya. Sai bayan watanni a fara ganin kwamfuta ɗaya tana yankewa tana dawowa, kamara ɗaya tana mutuwa da dare.

Akwai kuma wata asara da ba a gani. Gigabit 1 yana bukatar silla takwas ɗin nan duka su yi aiki. Idan ɗaya ta karye a cikin huɗun da ƙaramin sauri bai damu da su ba, na'urorin ba za su yi ƙara ba, sai su sauka shiru zuwa megabit 100. Mai kamfani yana biyan kuɗin babban layi duk wata, ma'aikatansa suna shan kashi ɗaya cikin goma na abin da wayar ya kamata ta ɗauka. Tsohuwar na'urar rarrabawa ta gwanjo mai megabit 100 ita ma haka take yi wa ginin gaba ɗaya.

Lamarin ya fi muni inda wayar ke ɗauke da wuta. Kamarori da akwatunan wifi na zamani suna shan lantarkinsu ne ta cikin wayar intanet ɗin kanta, tsarin da ake kira PoE. Ƙa'idar 2003 ta ba da wat 15.4, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 kuma ta kai wat 90. Wayar da ke tauye lantarki tana mayar da shi zafi, kuma idan an ɗaure wayoyi da yawa a dami ɗaya a saman silin, zafin taruwa yake yi. Ƙasar da babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwar birnin kuma ta ƙone a 2012, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan haɗarin gobara a wurin ciniki.

Gane ta ba wuya. A feƙe silla ɗaya, a kankare ta da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne. Idan aka kara mata wutar ashana ko laita, ta CCA tana lanƙwashewa ta yi laushi nan da nan, jan ƙarfe kuwa yana tsayawa. Kwalinta ma ya fi sauƙin ɗauka. Gwajin minti biyu ne, amma sai wanda ya san da shi zai yi.

Hanyar da kaya ke bi ita ma tana da hannu. Wani kaso yana shigowa daga Kano ta Ɗan Isa ko Magarya, wani daga Dubai da Chaina. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kayan da a da ke sauka Kwatano sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Idan kuɗin dako ya hau, mai shigo da kaya yakan nemi inda zai rage, mai saye kuma farashi yake fara tambaya. A irin wannan ciniki, waya mai kyau ce ke fara ɓacewa daga kanta.

Ƙa'idar da aka rubuta don wani yanayi

Mita 90 ɗin nan an lissafa ta ne a kan zafin digiri 20. Idan zafi ya ƙaru, jan ƙarfe yana ƙara tauye saƙo, don haka ƙa'idar ta ce a rage tsawon. Ga waya marar rigar kariya, a digiri 40 tsawon yana komawa kimanin mita 84, a digiri 60 kuma mita 75. A Yamai, Tawa ko Birnin Ƙonni, zafin watannin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 a inuwa, balle tsakanin kwano da silin da tsakar rana. Mai haɗin da ya ja mita 90 cif a ƙarƙashin kwano ya bi abin da ke cikin littafi, amma littafin ba da bazararmu ya yi lissafi ba. Idan kuma wayar CCA ce, matsala ta haɗu da ƴar'uwarta.

Rana tana cinye rigar wayar da aka yi don cikin ɗaki. Wadda aka jefa ta kan katanga ko aka ɗaure a jikin ƙarfen rufi, bayan ɗan lokaci sai ta tsattsage, ruwan damina ya shiga. Akwai nau'in da aka yi don waje, mai baƙar riga mai kauri. Ɓeraye kuma suna gaigayar duk wadda ba a sa ta cikin bututu ba.

Sai tsawa. Wayar jan ƙarfe da aka ja a sararin sama daga wannan gini zuwa wancan, kamar yadda ake gani a makarantu da asibitoci masu sassa da yawa, hanya ce buɗaɗɗiya ga tartsatsin aradu. Ba sai ta faɗo kan ginin ba, ko a kusa ta sauka tana iya ƙona na'urorin da ke gefe biyu. Maganin sananne ne: tsakanin gini da gini a sa fibir, domin zaren gilashi ne, haske yake ɗauka, lantarki ba ya bin sa. Kuma kowane akwatin na'urori yana bukatar wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, abin da gine-gine da yawa ba su da shi ko kaɗan.

Wutar lantarki ma ba a bar ta a baya ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ƙasar tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta ne daga can, kuma ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Wannan ya tura ƴan kasuwa da yawa ga janareto da faifan hasken rana. Kowane sauyi daga wutar Nigelec zuwa janareto yana kashe na'urorin intanet, su ɗauki mintoci kafin su farfaɗo, wani lokaci ma bugun wutar ya lalata su. Ƙaramar na'urar riƙe wuta mai batir, wadda aka keɓe wa akwatin intanet da na'urar rarrabawa kaɗai, tana toshe wannan ɓarakar. Ambaliyar 2024, wadda ta yi ɓarna sosai a Maraɗi da Damagaram, ta ƙara darasi ɗaya: akwatin na'urori a jikin bango ake kafa shi, sama da ƙasa, inda iska ke ratsawa kuma ƙurar hunturu ba ta cika shi ba.

Hannun da ya ja wayar

Ko an sayi waya mafi kyau, aikin hannu na iya kashe ta. Galibi mai haɗa wutar gida ne ake ba aikin, saboda a ganin mai gini waya waya ce. Alhali sana'o'in biyu sun bambanta. Wayar wuta tana jure ja da lanƙwasa, ta intanet ba ta jurewa. Ba a jan ta da ƙarfin da ya wuce na ɗaga kilo 11, ba a karya ta a kusurwa, ba a buga mata ƙusa ta matse ta, kuma ba a warware murɗinta fiye da milimita 13 a bakin mahaɗi. Ba a cusa ta cikin bututu ɗaya da wayar wuta. Ba a ƙulla guntu biyu da salatif don a cike tsawo. Jerin launukan silla iri biyu ne, A da B, kuma wanda aka zaɓa shi ake bi a ginin duka.

Bayan an gama sai gwaji. Ƙaramar na'ura mai fitilu takwas da yawancin masu haɗi ke yawo da ita tana nuna cewa silla ba ta yanke ba ne kawai. Ba ta faɗin ko wayar za ta ɗauki saurin da aka yi alƙawari. Na'urar da ke auna wannan tana da tsada, ba kowane matashi ne zai iya mallakarta ba, amma aƙalla ana iya soka kwamfuta a kowane rami a duba ko ta nuna gigabit 1. Sannan kowace waya a rubuta mata lamba a kai da ƙafa, a bar wa mai gini zanen da ke nuna inda kowacce ta bi. Inda babu wannan, ranar da mai haɗin ya tafi ci-rani, wanda zai zo bayansa sai ya fara daga farko, mai gini ya biya sau biyu.

Masu gini daga nesa

Wannan magana ta shafi ƴan ci-rani kai tsaye. Shaguna, benaye da gidajen haya na ofis da yawa da ke tashi a Tawa, Maraɗi da Yamai, da kuɗin waɗanda ke Abijan, Akara, Tarabulus, Jidda ko Turai ake gina su. Mai kuɗin yana ganin aikin ne ta hotunan WhatsApp, kuma hoto fenti da tayil yake nunawa, ba ya nuna abin da ke cikin bango.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Binne bututun roba a bango kafin a yi shafe abu ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da siminti da rodin da ginin ya ci. Fasa bango bayan an yi fenti, ko manna kwararon roba a kan tayil, ya fi tsada kuma ya fi muni. Ko ba a da kuɗin jan waya yanzu, a bar bututun da zare a ciki, a ware ɗan lungu mai iska don na'urori, a kai ramuka biyu kowane wurin da za a ajiye tebur, a kai ɗaya silin kowane sashe saboda wifi, a kai kusurwoyin waje saboda kamara. Banki, ƙungiyar agaji ko kamfanin da ke neman hayar ofis yana duba waɗannan kafin ya sa hannu. Wanda ke nesa yana iya neman abubuwa uku daga wakilinsa: hoton rubutun da ke jikin wayar, ɗan bidiyon kankare silla ɗaya, da hoton bututun kafin a rufe shi da shafe.

Wa ya kamata ya sa ido?

Za a iya cewa wannan duk tsada ce da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai shago ɗaya da wayar salula ɗaya ba ya bukatar komai daga abin da aka lissafa. Maganar ta fara ne daga inda ma'aikata suka kai biyar ko goma, ko ɗakuna suka yi yawa, ko ciniki ba ya yiwuwa sai da intanet. A nan ne araha ke komawa tsada. Kwamfuta ana canja ta bayan ƴan shekaru, wayar cikin bango kuwa ana sa ran ta yi shekara goma zuwa ashirin. Abin da ya fi daɗewa a ginin shi ne aka fi yi wa rowa.

Hukumomi suna da rawar takawa ba tare da sabuwar doka mai nauyi ba. Hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya, tare da jami'an kwastan, suna iya tilasta a rubuta gaskiya a jikin kwali, ta yadda wayar alminiyom ba za ta shigo da sunan Cat6 ba. Ma'aikatun gwamnati da ofisoshin magadan gari, waɗanda suke cikin manyan masu sayen irin wannan aiki, suna iya rubuta jan ƙarfe zalla da takardar gwaji a cikin sharuɗɗan kwangila, su ƙi biyan kuɗin ƙarshe sai an kawo ta. Masu zanen gini suna iya sa hanyar wayar intanet a cikin zane kamar yadda suke sa ta ruwa da ta wuta. Su ma kamfanonin sadarwa suna da riba a ciki, domin su ake zagi kan laifin da wani lokaci ba nasu ba ne.

Sana'ar da ke jiran masu ita

Ga matasan birane, wannan giɓi dama ce. Aiki ne da ba a iya yin sa daga Dubai ko Chaina, sai an zo an hau tsani a Maraɗi. Jarin farawa bai kai na buɗe shago ba: abin matse kan waya, abin feƙewa, na'urar gwaji, injin huda bango da tsani. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, Jami'ar André Salifou ta Damagaram, Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, Jami'ar Doso, makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da cibiyoyin koyon sana'a suna yaye matasa a fannonin fasaha, asusun FAFPA kuma an kafa shi ne don tallafa wa koyon sana'a. Abin da ya rage shi ne gajeren horo na hannu, mai takardar shaida da mai gini zai iya tambaya, da kuma haɗa kai tsakanin masu sana'ar don su mallaki na'urar gwaji mai tsada a tare, su riƙa karɓa bi da bi. Wanda ya ƙware a haɗa fibir, kasuwarsa za ta ƙara faɗi yayin da layukan ke shiga unguwanni.

Matashin da ke son ya daɗe a sana'ar sai ya jure abu ɗaya: wani zai zo ya karya farashi da wayar CCA, ya karɓe aikin. Makaminsa shi ne ya nuna wa mai gini silla biyu a tafin hannu, ya kankare su a gabansa, ya rubuta nau'in wayar a takardar ƙiyasi, ya ba da garantin shekara. A garuruwan da labari ke yawo daga majalisa zuwa majalisa, aikin da bai dawo da ƙorafi ba shi ke kawo na gaba.

Shi kuma mai kamfanin da ma'aikatansa ke yawan cewa babu rezo, akwai gwajin da zai yi gobe da safe ba tare da ya kashe ko sisi ba. Ya ɗauki kwamfutar hannu da gajeriyar waya mai kyau, ya soka kai tsaye a akwatin da kamfanin sadarwa ya girka, ya auna saurin. Sannan ya je tebur mafi nisa a ginin ya sake aunawa. Idan duka biyun sun yi ƙasa, ya kira kamfanin, idan ba a saurare shi ba ya kai kuka ARCEP. Idan na farko ya yi kyau na biyu ya faɗi, to matsalar tana cikin bangonsa, kuma shi kaɗai ne zai iya gyara ta.